Wayar da Na Danne a Goronyo

Sallama gare ku, masu bin labarin nan. Wanda ya saba da ni ya san ba ni sakaya magana. Wanda yau ya fara shigowa, sunana Kulu, a Wurno nike, ni ce goggon Mashkura, ɗiyar ƙanena da na riƙe tun tana shekara huɗu, lokacin da uwarta ta koma ga Allah. Kullum laifin wasu nike kawo muku. Yau nawa na ɗauko.

Mashkura tana da ciwon suga, irin wanda ke kama yara. Tana shekara goma sha ɗaya ya bayyana. Munka yi shekaru muna allura sau huɗu a yini, muna huda yatsa har kan yatsunta sunka yi kanta. Ruwan allurar, insulin, cikin 'yar tukunya nike ajiye shi, in binne ta a jiƙaƙƙen rairayi gindin randa don kada zafi ya lalata shi. Doka ɗaya na riƙe a shekarun nan: in allura ta shiga, abinci ya bi bayanta, ko da ana ruwan ƙanƙara.

Bara waccan yayanta Abdulƙadiri, da ke aiki Abuja, ya haɗa kai da likitanta na Sakkwato, anka sa mata abu biyu. Na ɗaya fari ne, kamar murfin kwalba, manne a bayan damtsenta. Maɓalli muke ce mishi. Shi ke leƙa jininta kowane lokaci, ya aika lamba cikin wayarta, da 'yar kibiya mai nuna ko sugan hawa yake ko sauka. In ya sauka da yawa ko ya hau da yawa, sai wayar ta yi kuka. Na biyu famfo ne, bai wuce akwatin ashana biyu ba, tana maƙale shi bakin zane, da wata siririyar igiya da ta shiga fatar cikinta. Shi ke ɗiga mata insulin kaɗan-kaɗan. In za ta ci abinci, sai ta latsa shi tukuna ya ƙara mata gwargwadon abin da za ta ci.

Sau nawa ta zaunar da ni za ta koya mini, in ce mata wannan na 'yan boko ne, ni na yi nawa aikin. Abu ɗaya kawai kunnena ya ɗauka, ranar da ta ce da famfon nan ba dole ba ne ta ci a kan lokaci kamar da. Na ɗauki wannan na adana, sauran na zubar. Rashin sani ya fi dare duhu, amma rabin sani ya fi shi mugunta, don mai shi yana tahiya ne yana zaton da fitila a hannunsa.

Kada ku yi saurin tsine mini, ku ji abin da ya sa na zama mai ɓoyo. Yarinyar nan shekararta ashirin da huɗu, tana koyarwa a firamare, fara ce doguwa mai sanyin magana. Manema biyu sunka zo. Na farko ɗan Rabah ne, har an kawo kayan gaisuwa. Goggonsa ta zo ganin yarinya, Mashkura ta duƙa za ta aje ruwa, igiyar ta leƙo. Da matar ta koma gida sai ta ce su ba su ɗaukar amarya mai igiya kamar akuya. Maganar ta zaga ta dawo kunnena a gidan suna. Na biyu bai ce komi ba, ƙafa kawai ya ɗauke. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Saboda haka da Sa'adu ya fito, na yi wa kaina alkawari. Sa'adu ɗan Goronyo ne, manomin albasa a bakin dam, baƙi siriri, marar yawan surutu, irin wanda ke cire takalmi tun daga bakin zaure. Ubansa ya rasu, baffanninsa ke tsaye a kan maganarsa, amma kowa ya san ba su yanke komi sai abin da uwarsa Habi ta nuna. Na kira Mashkura na ce mata maganar suga ba ta fita gidan nan sai an shafa fatiha, in ya so bayan nan su ji. Ta sunkuyar da kai. Ni kuwa na ɗauki hakan amsa.

An yi gaisuwa, an karɓa, saura sa rana. Sai Habi ta tahi Makka ta dawo. Ya wajaba a je yi mata barka da sauka, kuma ta aiko cewa tana son in zo mata da ɗiyarta ta sa mata albarka da bakin da ya sha zamzam. Ba a ƙin irin wannan kira.

Ranar Litinin da hantsi munka shirya. Na sa tela ya ɗinka mata riga mai faɗin hannu har wuyan hannu, atamfa koriya mai zanen ganye, don maɓallin ya ɓace a ciki. Famfon na sa ta mayar da shi ciki, ƙarƙashin zane, na ɗaure mata zanen da kaina. Ta sa hijabi ruwan toka har gwiwa, ga lalle ja a yatsu, ga kwalli. Na dube ta na ce masha Allahu, ko mai duban tsiya ba ya ganin komi. Na sa ta kashe kukan famfon da na wayar duka. Da munka shiga mota na miƙa hannu na ce ta ba ni wayar, budurwa ba ta latse-latse gaban surukai. Ta tsaya tana kallona.

"Goggo, ita ta idona."

"Yau ni ta idonki," in ji ni.

Na naɗe wayar cikin ɗankwali na jefa ƙasan jaka.

Mun isa Goronyo ana kiran azahar. Ɗakin Habi cike da mata, turaren wuta har yana shaƙe mutum, ga sabbin dardumai jibge a kan gado, ga tasoshi jere cikin kabet. Habi gajera ce mai jiki, da sabon haƙorin Makka da take ta nema mishi dalilin fitowa. Sa'adu ɗan farinta ne, ba ta faɗin sunansa, mai albasa take ce mishi. Ta ce mai albasa yana can wajen rumbuna yana tsince waɗanda sunka fara ruɓa, damina ta sa mishi ciwon kai. Ta jawo Mashkura ta zaunar kusa da ita, ta shafa mata zamzam a goshi, mata sunka yi ta tsokana wai Hajiya ta je Makka ta dawo ta tarar da tsarabarta a Wurno.

Bayan salla anka shigo da abinci. Tuwon shinkafa da miyar kifin dam, da ƙwaryar hura da nono, anka aje gabanmu, anka buɗe. Habi ta ce ɗiyata ki ci, nan gidanku ne. Abin da ban gani ba, a daidai lokacin Mashkura ta zura hannu ƙarƙashin hijabi ta latsa famfo, ta ba kanta insulin na malmalar tuwo guda da ludayin hura, yadda likita ya koya mata. Da allura ce da na gani. Wannan ko motsin hijabi ban lura ba.

Ta wanke hannu, ta kai shi bakin kwano. Sai na mintsine ta a cinya.

Ku 'yan yanzu ba ku san nauyin abin ba. A wurinmu, yarinyar da ta buɗe baki ta ci tuwo gaban uwar miji tun ba a ɗaura ba, har ta yi jika ana ba da labarinta. Ni da anka kai ni ɗaki kwana uku ina cewa na ƙoshi. Ga mata goma sha sun zuba ido, kowace da bakinta. Mashkura ta juyo ta dube ni, ta motsa leɓe za ta yi magana, na zare mata ido. Ta janye hannu ta ce alhamdu lillahi, ta ƙoshi. Mata sunka yi guɗa ƙasa-ƙasa. Wata ta ce har yanzu akwai tarbiyya a Wurno. Kaina ya yi girma. A zuciyata na ce ai ita da bakinta ta ce ba dole ba ne ta ci a kan lokaci, in mun fita na saya mata tsire a tasha.

Anka ɗauke kwanoni, hira ta koma kan Arfa da tsadar raguna. Ban san tsawon lokacin da ya wuce ba, sai na ji jakata tana kyarma a jikin ƙafata. Na ce saƙon ƙawaye ne. Ta sake. Ta sake. To, ga abin da ya sa na ce yau laifina na kawo: a karo na ukun zuciyata ta gaya mini ko maɓallin nan ne ke kira. Ta gaya mini sarai. Amma in na fiddo wayar za a ga lamba, za a yi tambaya, ɓoyon da na yi wata bakwai ina yi ya rushe. Sai na jawo jakar na tura ta ƙarƙashin cinyata na danne.

Na saci kallon Mashkura. Zufa ta tsattsafo mata a kan hanci da leɓen sama, na ce zafin ɗaki ne da hijabi. Wata tsohuwa ta shigo ta gaishe ta, ta ce ina gajiya, Mashkura ta dube ta ta ce amin. Aka yi dariya, wai kunya ta ruɗa amarya. Ni ma na yi dariyar. Hannunta na rawa a kan gwiwa, ta sa ɗayan ta riƙe shi.

Sai wayar Habi ta yi ƙara. Tana tsiyaya zamzam cikin ƙananan kofuna, hannunta biyu a cike, ta ce wa ƙanwarta ta ɗauka ta buɗe muryar, mai albasa ne, halan ya ji ƙamshin kifi. Muryar Sa'adu ta cika ɗakin, ana jin iska da ƙarar babur a bayanta.

"Inna, ki saurare ni, kar ki tambaye ni komi yanzu. Mashkura na nan kusa da ke? Suganta ya sauka ƙwarai. Ki ba ta lemun kwalba yanzun nan, ta sha rabi, sannan dabino. Kar ki bari ta ce ta ƙoshi. Ga ni nan tahe."

Yaron da bai taɓa ɗaga ido gaban uwarsa ba, ya ambaci sunan budurwa gaban ƙawayenta, yana ba ta umarni. Ni kuwa abin da ya fara zuwa raina ba ran yarinyar ba ne, Allah ya gafarta mini. Cewa na yi, ashe ya sani.

Habi ba ta dubi kowa ba. Ta dire butar zamzam, ta fizgo lemu daga cikin bokitin baƙi, ta buɗe, ta tallabo kan Mashkura a kafaɗarta kamar jinjira. Yarinyar na kau da kai tana cewa ta ƙoshi, ta ƙoshi, idonta a buɗe amma ba mu take gani ba. Habi ta ce mata a hankali, sha, uwarki ta ba ki. Ta sha. Anka ɓare dabinon Madina uku anka ba ta ɗaya bayan ɗaya. Wata ta ce a cire mata hijabi ta sha iska, wata ta naɗe mata hannun riga za ta shafa ruwa. Ga maɓalli fari tas a damtse. Da anka sassauta zanen, ga famfo, ga igiya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ni kuwa na kai yarinya wanka tsakiyar kasuwa.

Na ji ana raɗa a bayana. Wata ta ce layar Turawa ce, wata ta ce a'a, irin wanda ake sa wa masu ciwon zuciya ne. Ban juya ba.

Sa'adu ya iso, amma bai shigo ba. Ya tsaya bayan labule, ƙafafunsa kawai muke gani, duk taɓo. Daga can yake duba wayarsa yana faɗa wa ɗakin, hamsin da takwas, ta daina sauka. Can ya ce sittin da bakwai, kibiya ta ɗaga. Da ya ce tamanin sai na ji ya sauke numfashi, ƙafafun sunka juya sunka tahi. Mashkura ta dawo hayyacinta, ta ga hannunta a buɗe, ta ga idanun mata. Ba ta rufe ba. Ta gyara zama kawai ta ce a yi mata hanƙuri ta ɓata wa Hajiya taro. Habi ta sa anka dawo da tuwon, ta zauna a kanta har ta ci.

Da la'asar ta sallami baƙi, ta ce a kai yarinya ɗakin ƙanwarta ta kwanta, ya rage daga ni sai ita. Ta daɗe tana jan carbi. Sannan ta tambaye ni, tunda mai albasa ya ce mata abin yana kuka in suga ya sauka, ina wayar take lokacin da take kukan. Ina iya cewa ban ji ba. Na ce mata tana ƙarƙashin cinyata.

Ta gyaɗa kai.

"Goggon yarinya, ba ni yi miki ƙarya da bakin da ya dawo daga Ɗakin Allah. Da kin gaya mini tun ranar gaisuwa, da na hana. Yayata suga yak kashe ta, ni na yi jinyarta, na san abin da na gani. Ɓoyon da kinka yi, shi ya kawo ku har cikin ɗakin nan."

Ban san ko yabo ne ko zagi ba.

"Amma yau na ga abu biyu. Na ga mai albasa ya aje kunyata don yarinyar ga. Na kuma ga yarinya ta yarda ta mutu da ta ci tuwona. Ban san wane ya fi ba ni tsoro ba. Ki ba ni zuwa Juma'a, in yi magana da baffanninai, in yi da Ubangijina."

A mota na kwance ɗankwalin na miƙa wa Mashkura wayarta. Ta duba, ta juyo mini da fuskar wayar. Kira tara. Saƙonni biyar, duk na Sa'adu, na bi su ɗaya-ɗaya da yatsa.

"Kun iso? Inna tun da swahe take shiri."

"78, kibiya na kallon ƙasa. Kin ci abinci?"

"64. Mashkura ɗauki waya."

"55. Don Allah ko dabino guda."

"Zan kira Inna. Ki yahe mini."

Sai da munka wuce gonakin gero munka fara hango fadamar Wurno na iya buɗe baki. Na tambaye ta tun yaushe ya sani. Ta ce tun zuwansa na biyu ta gaya mishi a zaure, ta ce in zai tahi ya tahi tun yanzu. Shi kuwa ya miƙo wayarsa ya ce ta haɗa mishi yadda zai riƙa ganin lambar daga Goronyo. Cikin sati guda ya haddace komi. Na ce to, ke da kinka san kin latsa famfo, mi ya hana ki ci, ko ki ce mini Goggo na latsa.

"Na so in hwaɗi, kinka zare mini ido. Goggo, tun ina shekara huɗu ban taɓa ƙetare mintsininki ba. Na ce bari in jure kaɗan ku gama hira. Daga nan kuma kaina ya daina aiki."

Ana cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba ya ganinsa. Ni na fi kowa jan wannan magana. Ba a gaya mini ba cewa babba na iya hango bakin mutane daga nesa, ya kasa ganin zufar da ke kan hancin ɗiyarsa. Garin gyaran gira na kusa tsone ido.

Talata da Laraba da Alhamis na zauna gabanta a kan tabarma kamar 'yar aji ɗaya. Ta nuna mini ƙasa da saba'in haɗari ne, a ba da zaƙi nan take. Kibiya a kwance lafiya, biyu masu kallon ƙasa a tashi tsaye. Ta nuna mini inda ake latsa famfo, ta ce abin da ya riga ya shiga jiki ba ya komowa, sai dai a bi shi da abinci. Ta kai rigar nan mai faɗin hannu wurin tela ya rage hannun. Ban hana ba. Sa'adu bai zo ba, bai kuma kira ba, sai saƙo ɗaya da ya aiko mata cewa Inna ta ce kowa ya kame bakinsa sai ta yi magana.

Yau Juma'a. Bayan an sauko masallaci ina tsakar gida ina tsince shinkafa, wayata ta yi ƙara. Saƙon murya daga Habi, minti huɗu da 'yan kai. Na goge hannu a zane zan latsa, sai inuwar Mashkura ta faɗo kan faifan.

"Goggo, wanga nawa na. Ni za ni fara ji."

Na buɗe baki in ce maganar manya ce, sai na rufe. Na miƙa mata. Ita kuma ta aje mini tata a kan cinya, a buɗe, ta ce in riƙe mata wannan. Ta shiga ɗaki ta saki labule, ta turo ƙyaure.

Ɗari da goma sha biyu, kibiya a kwance. Minti huɗun sunka wuce, ba ta fito ba. Na kasa kunne, ba kuka, ba dariya. Kaji sunka zo sunka hau faifan shinkafa, ban kore su ba. Ɗari da ashirin da shida. Can sai kibiyar ta ɗan ɗaga kai, ɗari da arba'in da ɗaya, ga shi tun karin kumallo ba ta sa komi a baki ba. Jiya ta gaya mini bugun zuciya kaɗai na iya ɗaga suga, na baƙin ciki ko na murna, maɓallin bai san bambancinsu ba.

Ina riƙe da wayar da hannu biyu sai na ji ƙyauren ya motsa. Ta leƙo, idonta jajir, ɗankwali a hannu.

"Goggo, Hajiya tac ce in tambaye ki, in suga ya sauka mi ake yi. Tac ce ki amsa mata da muryarki, ba tawa ba, sannan ta hwaɗi sauran maganar."

Ta miƙo mini wayata, yatsanta na kan wurin ɗaukar murya. Na gyara zama, na yi bisimilla, na ce ta latsa.